Faɗi Ko Kaifi: Mas'alar Zaɓen Katakon Zamiya A Kan Dusar Ƙanƙara

Idan watan Nuwamba ya kama a garin Chamonix, wanda ke kwance a gindin dutsen Mont Blanc a ƙasar Faransa, farin farko ya sauka a kan ƙololuwar duwatsu alhali kwari yana nan da ɗanyar ciyawarsa, sai ka tarar kantunan kayan zamiya sun cika maƙil, kowa ya ɗaga kai yana duban katakan da aka jera a jikin bango tun daga ƙasa har rufi, waɗansu sirara masu matsattsen ƙugu, waɗansu kuwa faffaɗa masu ɗagaggen hanci da zane iri iri.

Galibi hannun mai saye ga faffaɗan yake fara zuwa, domin shi ya saba gani a hotuna da finafinai, inda gwanaye ke gangarowa daga tsaunukan Alaska dusa na tashi har ta rufe su. Amma mai kanti, idan Allah ya sa mai amana ne, ba ya buɗe zancen kuɗi sai ya yi tambaya biyu: "Yallaɓai, a wane dutse ka saba zamiya, kuma kwana nawa kake samu a shekara?" Amsar da ya fi ji ita ce mako guda a watan Fabrairu, lokacin hutun makaranta, tare da iyali, a kan hanyoyin da motoci suka daɓe da dare. Daga nan sai jayayya ta tashi tsakanin abin da rai ke so da abin da hankali ya hukunta, kuma irin wannan jayayya ana yin ta kowace shekara a Innsbruck da Denver da Sapporo, da duk inda ake cinikin waɗannan kaya.

Mas'alar ba ƙarama ba ce ga ma'abota wannan wasa, domin katakai biyu masu nagarta, ban da maɗaurin takalmi, sukan ci dala 600 zuwa 900, wani lokaci su haura dubu, kuma wanda ya saya yakan zauna da su shekara biyar ko fiye. Zaɓin kuwa tsakanin iri biyu yake kaiwa da komowa: na gama-gari, wanda aka ƙera domin ya yi aiki ko'ina a jikin dutse, da na lallausa, wanda aka ƙera domin sabuwar dusa mai zurfi wadda ba a taka ba.

Lambobin da ke jikin katako

Kowane katakon zamiya ana rubuta masa lambobi uku da milimita: faɗin hanci, faɗin ƙugu, wato inda ƙafa ke zama, da faɗin wutsiya. Ta tsakiyar ita ce mizani. Katakon da aka yi domin daɓaɓɓiyar hanya kaɗai ƙugunsa daga 65 zuwa 80 yake. Na gama-gari ya kama daga wajen 85 zuwa 105. Abin da ya kai 110 ya yi sama, har 120 da ɗoriya, shi ne na lallausa. Waɗannan iyakoki ba nassi ba ne, kowane kamfani da inda yake shata nasa, har ma katako mai 100 wanda ɗan Amurka zai kira na yau da kullum, ɗan Ostiriya yana iya ganinsa ƙato.

Hikimar faɗi ba ta buƙatar dogon sharhi, domin duk wanda ya taɓa ganin raƙumi da doki a cikin rairayi ya san ta: ƙafar raƙumi tana bajewa ta ɗauke shi a sama, kofaton doki yana nutsewa, amma da zarar an fito fako sai dokin ya nuna masa gudu da iya juyi. Katako mai ƙugu 120 ya fi mai 80 filin taka dusa nesa ba kusa ba, saboda haka yana yawo a kanta cikin sauƙi. Na siriri kuwa gefensa na ƙarfe yana kusa da tsakiyar ƙafa, don haka shi ya fi saurin cizon daskararriyar hanya.

Akwai lamba ta huɗu, wadda ake rubutawa da mita. Da yake hanci da wutsiya sun fi ƙugu faɗi, gefen katako ba miƙaƙƙe ba ne, kuma da za a ci gaba da zana lanƙwasarsa da ta haɗe ta zama da'ira. Nisan da ke tsakanin tsakiyar wannan da'ira da bakinta shi ake rubutawa. Katakon gasar kewaya sanduna yakan zo da mita 12 ko 13, na gama-gari 16 zuwa 21, kuma gwargwadon ƙarancin lambar, gwargwadon yadda katakon zai riƙa neman kwana da kansa.

Daga siriri zuwa faffaɗa

Wanda ya shiga wannan wasa a shekarun 1980 bai san wannan ruɗani ba, domin a lokacin katako iri ɗaya ne kusan kowa ke hawa, dogo mai kai mita biyu, kusan miƙaƙƙe, ƙugunsa bai wuce milimita 60 da 'yan kai ba. Da shi ake bin hanya, da shi ake shiga lallausa, kuma zamiya a zurfafan dusa ta zama ilimin keɓantattu, irin wanda Alf Engen, mutumin Norwe da ya jagoranci makarantar zamiya ta Alta a jihar Utah, ya yi suna da koyarwa. Wanda bai ƙware ba, da ya shiga sai hancin katako ya nutse, shi kuma ya bi shi da ka.

Waɗanda wannan matsala ta fi damu su ne masu kai baƙi bisa duwatsu da jirgi mai saukar ungulu, sana'ar da Hans Gmoser ya fara a tsaunukan Bugaboos na Kanada a 1965, domin attajirin da ya biya kuɗi masu yawa ya yini yana faɗuwa ba ya dawowa baɗi. A ƙarshen shekarun 1980 wani injiniyan kamfanin Atomic na Ostiriya, Rupert Huber, ya fitar da faffaɗan katako mai suna Powder Plus, kuma masu jirage suka rungume shi tun sauran jama'a na yi masa dariya. Ba da jimawa ba, a farkon shekarun 1990, kamfanin Elan na Sulobeniya ya fito da SCX mai zurfin ƙugu, wanda ya sauƙaƙa kwana a kan hanya har ya tura tsofaffin dogayen katakai ɗakin ajiya.

Babbar bid'a kuwa daga hannun Shane McConkey ta zo, wani gwani da ya zauna a Kalifoniya, wanda ya yi ƙiyasin lallausar dusa da ruwa, ya ce tun da hukuncinsu ɗaya ne wajen ɗaukar abin da ke gudu a kansu, to kamata ya yi kayan aikinsu su yi kama. Don ya kafa hujja sai ya ɗaura maɗauri a kan katakon zamiyar ruwa ya gangaro da shi wani dutse. A 2002 kamfanin Volant ya fitar da Spatula bisa tsarinsa, mai ƙugu 125 wanda ya fi hanci da wutsiya faɗi, akasin duk abin da aka sani, sa'an nan K2 ya biyo da Pontoon bayan 'yan shekaru. McConkey ya rasu a watan Maris na 2009 a duwatsun Dolomites na Italiya, wajen tsalle da lema, a daidai lokacin da kamfanonin da suka yi masa inkari suka fara kwaikwayonsa.

Doro da gantsara

Abin da McConkey ya bari ya rage a jikin kusan kowane katako na yau, kuma wanda bai fahimce shi ba zai yi zaɓe cikin duhu. Idan aka kwantar da katako na gargajiya a ƙasa, tsakiyarsa tana ɗagewa ta yi doro, ya taɓa ƙasa kusa da hanci da kusa da wutsiya. Da mutum ya hau sai doron ya miƙe, nauyi ya rarrabu a tsawon gefen ƙarfe duka, wannan kuwa shi ne asalin riƙo a kan tauri. Na McConkey gantsarewa ya yi, tsakiya a ƙasa, hanci da wutsiya a sama, don haka ba ya nutsewa kuma yana juyawa a wuri ɗaya ba wahala, sai dai a kan daskararriyar hanya ɗan guntun ƙarfe kaɗai ke taɓa ƙasa, mutum ya yi ta sulɓi ba linzami.

Maƙera na yanzu sun yi sulhu tsakanin mazhabobin biyu, suna barin doro a ƙarƙashin ƙafa su gantsare hanci da wutsiya. Bambancin na gama-gari da na lallausa, bayan faɗi, yana ga rabon da aka ba kowane: na farko doronsa dogo ne gantsararsa kaɗan, na biyu gantsara ta cinye kusan rabinsa, wani ma ba shi da doro ko kaɗan. Saboda haka katakai biyu masu lamba ɗaya a ƙugu suna iya saɓawa a ɗabi'a ƙwarai, kuma mai hankali yakan haɗa su ciki da ciki a kanti ya ga inda suka fara rabuwa.

Hujjar kowane ɓangare

Ma'abota faɗi suna da hujjar da ba a raina ta. Sun ce ranar da aka kwana ana zubar da dusa har ta kai gwiwa ita ce dalilin wasan gaba ɗaya, sauran ranaku jira ne kawai, kuma a irin wannan rana katako kamar Bent 120 na Atomic, ko JJ na Armada, ko Wailer 112 na DPS, yana ba matsakaicin ɗan wasa abin da a dā sai an yi shekara goma ana koyo. Ba ya gajiyar da cinya, ba ya tilasta wa mutum jingina baya, kuma tsakanin itatuwa yana juyawa tun kafin a gama niyya. Duk wannan gaskiya ne.

Masu tsaka-tsaki kuwa lissafi suke kawowa. A wuraren zamiya masu cunkoso, lallausar da ta sauka da dare ba ta kai azahar sai an tattake ta, ta koma tuddai da kwazazzabai, washegari kuma motoci sun daɓe ta. Ko a ranar sa'a, sa'o'i biyu ko uku ne na faffaɗan katako, sauran yinin na gama-gari ne. Shi ya sa sunayen da suka daɗe suna ci a kasuwa, irin su Mantra na Völkl, da Bonafide na Blizzard, da Enforcer na Nordica, duk a kewayen 95 zuwa 100 suka yi zango, kuma Black Pearl mai 88 ya yi shekaru yana cikin waɗanda mata suka fi saye a Amurka.

Akwai kuma illar da ba a rubutawa a takardar talla. Gwargwadon nisan gefen ƙarfe daga tsakiyar ƙafa, gwargwadon ƙarfin da idon sawu da gwiwa za su kashe kafin su kafa shi a kan tauri. A 2015 waɗansu masu bincike a Ljubljana suka auna motsin gwiwa a kan daskararriyar hanya da katakai masu faɗi dabam dabam, suka ga faffaɗan yana tura gwiwa zuwa kusa da iyakar abin da take iya murɗawa. Matashi ba zai ji ba. Wanda ya ba hamsin baya zai ji da magariba, lokacin cire takalmi.

A ganina masu lissafin sun fi rinjaye, amma kada a ɗauka na gama-gari ya tara komai, domin taura biyu ba ta taunuwa. A kan ƙanƙara tsantsa siririn katakon hanya ya fi shi, a cikin zurfi na lallausa ya fi shi, falalarsa kawai ita ce ba ya kunyata mai shi a ko'ina. Sunansa ma ya yi masa yawa.

Kowane dutse da dusarsa

Fatawa ɗaya ba ta isar kowa a wannan babi, domin dusar kanta ba iri ɗaya ba ce. A Alta, cikin tsaunukan Wasatch kusa da birnin Salt Lake, abin da ke sauka a hunturu ɗaya yakan kai wajen mita 13, busasshiya mara nauyi wadda ruwan da ke cikinta wajen kashi 8 cikin 100 ne, har jihar Utah ta rubuta alfahari da ita a lambar motoci. A Niseko, a tsibirin Hokkaido na Japan, iskar Saiberiya tana ratsa teku ta kwaso danshi ta sauke shi kusan kullum a watan Janairu, kuma abin da ke taruwa ya kai na Alta ko ya fi. Mazaunin irin waɗannan wurare, idan ya sayi mai ƙugu 115, bai yi israfi ba, kuma da yawansu mai 105 ne katakonsu na kullum.

Amma a tsaunukan Sierra Nevada na Kalifoniya dusar tana zuwa da nauyi saboda kusancin teku, don haka katako mai tauri da nauyi wanda zai keta ta ya fi amfani a kan mai laushi. A gabashin Amurka, jihohin Vermont da New Hampshire, narkewa da daskarewa suna bin juna har hanya ta yi ƙyalli, kuma can mai 85 zuwa 90 ya wadatar. Mafi yawan wuraren zamiya na tsaunukan Alps sun fi kusa da wannan hali na ƙarshe a kan halin Niseko, komai abin da hotunan talla suka nuna.

Hunturu na gajarcewa

Wani dalili ya shigo wanda McConkey bai sa a lissafi ba. Wani babban nazari da aka wallafa a 2021, wanda ya tattara awon tashoshi masu yawa a faɗin Alps, ya nuna cewa a ƙasa da tsayin mita 2,000 lokacin da dusa ke kwance ya ragu da kimanin wata guda cikin shekara hamsin. Mutane sun gani da idonsu a farkon Janairun 2023, sa'ad da waɗansu wuraren zamiya suka zama siririn farin zare a tsakiyar koren fili.

Masu wuraren sun koma ga injuna masu fesa ruwa cikin sanyi, har ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na hanyoyin Italiya suna da wannan tanadi, na Ostiriya wajen kashi 70, na Suwizalan kimanin rabi. Dusar inji kuwa ƙwayoyin ƙanƙara ne dunƙulallu, ta ninka sabuwar dusa nauyi sau huɗu ko fiye, tana daɗewa ba ta narke ba, amma tauri gare ta, kaifi take nema ba faɗi ba. Ba mamaki a 'yan shekarun nan kamfanoni suka sake mai da hankali ga katakai masu ƙugu 80 zuwa 95, bayan an yi zamanin da kowa ke ƙara faɗi kowace kaka.

Tsawo da abin da ke ciki

Ƙa'idar da aka saba ita ce katako ya tsaya tsakanin haɓar mutum da tsakar kansa, ɗan koyo ya yi ƙasa, gwani ya yi sama, mai jiki ya ƙara kaɗan. Na lallausa ana ƙara masa santimita 5 zuwa 10, domin gantsara ta riga ta rage tsawon da ke aiki. A ciki kuwa itace ne, mai nauyi ko mara nauyi, wani lokaci da shimfiɗa ɗaya ko biyu na wani ƙarfe da ake kira Titanal, wanda galibinsa sanholo ne. Mai ƙarfe biyu ba ya karkarwa a cikin gudu, sai dai yana neman ƙafa mai ƙarfi, kuma ya wahalar da mutane da yawa waɗanda suka saye shi don jin an ce na gwanaye ne. Kada kuma a manta birkin maɗauri, wajibi ne ya dace da faɗin ƙugu, in ba haka ba tsohon maɗauri ba zai hau sabon katako ba.

Bayan igiya

Babbar illar faffaɗan katako ba a gwiwa take ba. Da yake lallausa ba ta daɗewa a cikin hanya, mai neman ta dole ya ƙetare igiyar iyaka zuwa inda ba a tsare ba, kuma katakon ya ba shi ikon shiga gangaren da iliminsa bai kai ba. A tsaunukan Alps zaftarewar dusa tana kashe kimanin mutum 100 a shekara, galibi a gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45, kuma a mafi yawan haɗurran wanda abin ya ci, ko abokin tafiyarsa, shi ya tayar da ita. Ƙasashen Turai suna da ma'aunin haɗari mai daraja 5 tun 1993, cibiyoyi irin ta Davos a Suwizalan suna fitar da sanarwa kullum, kuma abin lura shi ne mutuwa ta fi yawa a daraja ta 3, wadda mutane ke ɗauka da sauƙi.

Wanda aka tono cikin minti 15 na farko galibi yana rayuwa, bayan rabin sa'a kuwa fata ta yi ƙaranci ƙwarai, don haka abokan tafiya ne masu ceto, ba jirgin agaji ba. Sharaɗin fita ke nan kowa ya ɗauki na'urar gano wanda ya binnu, da sandar bincike, da shebur, ya kuma koyi aiki da su. Duk mai lissafin kuɗin katakon lallausa da bai sa kuɗin waɗannan da na malami ba, lissafinsa bai cika ba.

Saye ko haya

Mazauna gindin dutse sun warware mas'alar tun tuni ta hanyar tara katakai biyu ko uku, su leƙa taga da asuba su zaɓa. Baƙon da ke zuwa mako guda da jirgin sama ba shi da wannan yalwa, kuma abin da ya fi masa maslaha shi ne ya mallaki na gama-gari daidai da dutsen da ya saba, 85 zuwa 95 idan Turai ne ko gabashin Amurka, 95 zuwa 105 idan yammacinta ne, sa'an nan ranar da sama ta yi kyauta ya je kanti ya yi hayar na lallausa, domin kuɗin hayar 'yan kwanakin nan ba zai kai farashin saye ba ko an yi shekaru.

Kantuna da yawa a gindin duwatsu suna ba da sababbin katakai gwaji, mutum ya canja biyu ko uku a yini, waɗansu ma su cire kuɗin gwajin daga farashi idan an yi ciniki. Masu sana'ar suna ba da shawara a yi gwajin da takalmin da mutum ya saba, a hanya ɗaya, kuma a maimaita shi bayan la'asar, sa'ad da hanyar ta lalace ƙafa kuma ta gaji, domin da safe a kan sabon daɓe kowane katako mai ladabi ne.